Jinin ɗan ƙwaya ba na sadaka ba ne

Idan kana da ɗa ko ƙane da ya faɗa harkar ƙwaya, musamman mai yi wa kansa allura, wata rana za ka ji cewa masu bincike sun gayyace shi, sun yi masa tambayoyi, sun ɗebi jininsa don gwajin ƙanjamau, sun sallame shi da kuɗin mota. Kada ka hana shi zuwa. Amma idan ya dawo ka tambaye shi abu ɗaya: an sanar da shi abin da aka gani a jinin? In amsar a'a ce, to an yi amfani da shi ne kawai, kuma wannan zalunci ne ko da an lulluɓe shi da rigar ilimi.

Binciken kansa ya zama dole. Ƙididdigar da aka gudanar a Najeriya da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma kusan 80,000 daga cikinsu allura suke yi. Sirinji ɗaya da ya zagaya hannun mutum biyar ya isa ya kai cutar gida biyar, har ga matan aure da jariran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ba a magance abin da ba a auna ba. Sai dai mai aunawa yana da bashi a wuyansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan bashin: a nemi yardar mutum, a rufa masa asiri, a ba shi shawara, a miƙa masa sakamako sahihi, sannan a sada shi da inda zai karɓi magani. Ba ta ce ban da ɗan ƙwaya ba. Yardar ma sai an yi hattara da ita, domin sa hannun wanda yake cikin maye, ko wanda ƙishirwar ƙwaya ke kaɗa shi alhali ga kuɗi a kan tebur, bai kai a kira shi yarda ba. Mutanen Kano, da suka ga abin da gwajin maganin Trovan ya haifar a 1996, ba sa bukatar dogon bayani a nan.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne wai ɗan ƙwaya ba ya jin magana, ko an ce ya dawo karɓar sakamako ba zai dawo ba. To me ya sa za a ce sai ya dawo? Gwajin gaggawa na ɗigon jini minti 20 yake ɗauka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012, a cibiyoyi 12 na jinyar masu shaye-shaye, ya gano cewa cikin waɗanda aka tura wani wuri su yi gwajin, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka san matsayinsu, waɗanda kuwa aka gwada nan take kusan huɗu cikin biyar sun karɓi sakamakonsu. Doguwar nasiha ba ta ƙara wani abin kirki a kan taƙaitaccen bayani ba. Ke nan ba wa'azi yake bukata ba, sakamakonsa yake bukata a hannunsa tun bai tashi ba, da wanda zai raka shi asibiti idan an samu cutar.

Shawarar fatar baki ma tana da iyaka. A Bankok ta ƙasar Tailan an gwada maganin tenofobir a kan masu allura 2,413, kuma sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna ya rage kamuwa da kusan rabi. Nasara ce babba. Amma an ba mahalartan shawara da kwaroron roba, ba a ba su sabon sirinji ba, kuma masu kare haƙƙinsu sun yi tir da hakan. Ina amfanin a ce wa mutum kada ya ari allura, alhali ba a ba shi tasa ba?

Yanzu gare ki, uwa, da kai, uba. Sakamakon nan nasa ne, ba naku ba. Kada ku tsare ma'aikacin lafiya da tambaya, kada ku binciki aljihun yaron. Wanda ya san asirinsa zai tonu a tsakar gida ba zai sake miƙa yatsansa ba, kuma shi ne zai zauna da cutar shekaru ba magani. Dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 tana kare sirrinsa kamar na kowa.

Abin da za ku yi masa shi ne ku sa ya tambaya kafin ya sa hannu: wa zai ga sunana, kuma zai iya kaiwa ga jami'an tsaro? Wane kwamitin ɗa'ar bincike ne ya amince da aikin? Idan na fasa a tsakiya, zan rasa kulawar da nake samu? Idan an ce ba shi da cutar amma ya yi aron allura kwanan nan, ya sake gwaji bayan wata 3, domin ƙwayar cutar kan ɓuya wa gwajin a makonnin farko. Idan kuwa an same ta, a fara magani ba tare da jira ba, kuma kada wani ya gindaya masa sharaɗin sai ya daina ƙwaya tukuna.