Gudu Ba Aikin Banza Ba Ne

A zangon Parakou da na Djougou, yaro in ya nuna gwaninta a gudu, maganar da ya fi ji daga manya ita ce ya bar shashanci ya koma rumfar kasuwa. Ina ganin wannan hukunci kuskure ne, kuma muna biyan kuɗinsa.

Ku dubi Kriss Akabusi. An haife shi a Landan a 1958, iyayensa 'yan Najeriya ne. Suka koma gida yana ɗan shekara huɗu, ya tashi a hannun masu riƙo da gidajen renon yara. A 1975 ya shiga rundunar sojan Birtaniya, kuma a bariki ne aka gano ƙafarsa. Bai rungumi tseren tsallake shinge na mita 400 ba sai a 1987, yana dab da shekara talatin. Duk da haka ya zama zakaran Turai a 1990, sannan a wasannin Olamfik na Basalona a 1992 ya ci lambar tagulla da daƙiƙa 47.82, bayan ya tsallake shinge goma.

Soja ta ba shi abin da gida bai ba shi ba: abinci a kan kari, mai horarwa, filin atisaye da albashin da ya raba shi da tunanin abin da zai ci gobe. Baiwa daga Allah take, amma sai an yi mata hidima.

Benin ta fara zuwa Olamfik a 1972 da sunan Dahomey, kuma har yau ba ta da lambar yabo ko ɗaya. A shekarar nan ce maƙwabciyarta Nijar ta samu tagulla a dambe ta hannun Issaka Dabore, ta ƙara da azurfar Abdoul Razak Alfaga a 2016. Kada wani ya ce jikinmu ne ya gaza. Kakanninmu fatake sun taka daga Kano zuwa Salaga ta Djougou a fataucin goro.

Wani zai ce sojan Benin yana fama da 'yan bindiga a arewa, ina shi ina tsere? Yaron da aka ba fili da horo da fata ya fi wuyar yaudara ga mai zuwa da kuɗi da bindiga. Barikin Parakou ya buɗe filinsa ga 'yan makaranta, ya riƙa shirya musu gasa duk shekara. Mu kuma iyaye, mu daina kashe wa yaro gwiwa tun bai kai shingen farko ba.