Kiɗan Fiyano: Ina Sautin Namu?

Idan muka hau mota daga Kiyawa zuwa Dutse, da wuya mu wuce Shuwarin ba mu ji waƙar fim tana tashi ba, ga goge, ga sarewa, ga ganguna. Amma sau da yawa mutum ɗaya ne ya haɗa su duka da fiyano ko kwamfuta.

Ga yadda abin yake: ana naɗar sautin kayan kiɗa na gaske, a yanyanka shi, a zuba a na'ura. Da an danna maɓalli sai ya fito. Na'urar Fairlight da aka ƙera a Ostireliya a 1979 tana cikin na farko. A Kano kuwa, da fiyanon Yamaha aka yi kiɗan fina-finai irin su Sangaya. Yau masu situdiyo na loda irin waɗannan tsofaffin sautuka a manhajar FL Studio.

Sai dai akasarinsu na kayan kiɗan Turawa ne. Mai kalangu kuwa da matse tsarkiya a hammata yake sa gangarsa ta yi magana, abin da danna maɓalli bai isa ya kwaikwaya ba. Ga shi makaɗanmu suna tsufa.

Don haka idan an yi hutu, mu nemi makaɗin unguwarmu, mu gaishe shi, mu nemi izininsa, mu naɗi kiɗansa da waya, mu rubuta sunansa, mu kuma ba shi haƙƙinsa. In ba mu adana ba, wa zai adana mana?

Sai mako mai zuwa.