Kafin ka kwaikwayi bidiyon haɗa ƙarfen motsa jiki a gida

Ɗan'uwa, in kana bin TikTok ko YouTube ka san bidiyoyin nan: wani ya ɗauko tsohon fayif, ya yanka, ya ɗiɗɗiga walda, cikin minti ɗaya sai ga bencin ɗaga ƙarfe kamar na kanti. Samarinmu na Kazaure da Roni da Gwiwa har Babura sun kamu da abin, kuma ni ban ga laifinsu ba. Na kanti tsada gare shi, ƙarfe kuwa ga shi nan wajen 'yan gwangwan, ko mutum ya bi hanyar Kano ya sayo a Ƙofar Ruwa. Ra'ayina dai shi ne: ɗauki zane da awo daga waya, amma duk haɗin da zai riƙe nauyi a saman ƙirjinka ko wuyanka, kai wa mai walda na gaske.

Dalili? Bidiyo na nuna maka fuskar walda ne kawai. Walda kan yi kyau a ido alhali wutar ba ta ratsa cikin ƙarfen ba, ta zauna ne a sama kamar an shafa ƙulli. Ɗan koyo da ƙaramin inji, ga janareto yana ja yana saki, irin wannan yake samu. A ƙofa ko taga ba matsala, in ta ɓalle a sake. Amma ƙugiyar da ke riƙe kilo 60 kana kwance a ƙarƙashinta fa? Ranar da za ta saki ba za ta yi maka sallama ba.

Sai maganar tsofaffin kayan mota da ake sa wa a gefe biyu, irin gangar birki da faifan bayan inji. Yawancinsu ƙarfen zubi ne, ba ya karɓar sandar walda ta yau da kullum, yana hucewa sai ya tsage a gefen ɗinkin. Kada ma a liƙa su. Zura sandar ta ramin tsakiya, a tare ciki da zobe, a ɗaure waje da noti. Haka ma ya fi, don kana iya ƙarawa ko ragewa.

Wanda za ka iya yi da hannunka shi ne na siminti. Lita ɗaya ta kankare na kai kusan kilo 2.4, ka ga gwangwanin fenti mai lita 4 zai ba ka tsakanin kilo 9 da 10. Huda bakin fayif ɗin ka gitta guntun rodi kafin ka zuba, in ba haka ba wata rana dunƙulen zai sulluɓe ya sauka a ƙafarka. Ka riƙa yayyafa masa ruwa na mako guda, kuma ka sani sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Sannan ka kai wa mai sikeli ya auna gefe-gefe. Da yawa suna ɗaga ƙarfen da hagu ya fi dama nauyi, daga baya su ce kafaɗa na ciwo.

In ka nace sai ka koyi waldar, to madalla, sana'a ce, amma je ka zauna wurin masu ita. Kuma don Allah bar dabarar nan ta kare fuska da waya kana kallon wutar ta kyamara. Hasken walda na ƙona fata da ido ta gefe, kuma ba nan take ake ji ba, sai cikin dare ka farka kamar an zuba maka yashi a ido. Baƙin tabarau na kwalliya ma ba ya tare shi, gilashin walda mai lamba 10 zuwa sama ake nema. Fayif ɗin famfo mai farin shafe kuma, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki, ka ɗauka maleriya ce. A waje ake ƙona shi, inda iska ke wucewa.

Ita kanta wayar tana shan wahala, mu ake kawo wa. Tartsatsi na ɗiga a gilashin kyamara ya bar tabon da ba ya goguwa, sai dai canji. Garin ƙarfen da ke tashi wajen gurzawa kuwa, maganaɗisun sifika ne ke janyo shi. Sai ka ji murya ta shaƙe, ana kira ba ka ji sosai, in muka buɗe sai mu tarar da baƙin gari ya cika ragar. Kalli bidiyonka ka gama, rubuta awon a takarda, ka sa wayar a leda ka ajiye nesa da wurin aiki.

In an gama haɗa bencin, kada ka zama na farkon kwanciya a kai. Loda masa nauyin da ya fi wanda za ka ɗaga, ka girgiza shi da kyau, ka haska ɗinkin da tocilan waya ka duba ko akwai siririn tsagi. Kuma ranar farko a samu wani tsaye a kanka.