Ɗura wa tsiro mai cin ƙwari alewa da cuku ba gwajin kimiyya ba ne

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube da wuya bai taɓa cin karo da irin wannan bidiyon ba. Za a nuno wani ɗan tsiro a cikin tukunya, ganyensa kamar buɗaɗɗen baki mai haƙora. Sai a ɗauko guntun alewa, ko cakulan, ko cuku, ko naman baga, a cusa masa. Bakin ya rufe caraf, a saka kiɗa, bidiyo ya ƙare. A saman bidiyon kuma a rubuta cewa gwaji ne aka yi don a ga abin da zai faru.

Matsalar ita ce abin da zai faru ɗin ba ya cikin bidiyon. Rufewar bakin ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ainihin amsar tsiron tana ɗaukar mako guda ko fiye kafin ta bayyana, kuma a galibin lokuta amsar ita ce ganyen ya yi baƙi ya ruɓe. Wanda ya yanke bidiyonsa a daidai rufewar baki tamkar wanda ya rubuta manhaja ne, ya ga ta buɗe a waya, ya ce aiki ya kammala, alhali bai jira ya ga ko za ta tsaya cak bayan minti biyu ba.

Tsiron da aka fi yi wa wannan wasa shi ne wanda Turawa ke kira Venus flytrap, masana kuma suna kiransa Dionaea muscipula. A Hausance ana iya ce masa tarkon ƙuda, ko da yake a daji ya fi kama tururuwa da gizo-gizo da sauran masu rarrafe fiye da ƙudaje. A duk duniya ba ya fitowa da kansa sai a wani ɗan yanki mai dausayi na jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka, kewaye da garin Wilmington. Ƙasar wurin yashi ce mai tsami wadda ba ta da ƙarfi, musamman ta rasa naitirojin, wato sinadarin da manomi ke nema idan ya sayi buhun yuriya. Tsiron yana samun ƙarfinsa daga hasken rana kamar kowane tsiro. Ƙwaron da yake kamawa taki ne a wurinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna rashin amfanin ba shi alewa, domin sukari shi ne abin da ganyensa ke haɗawa da kansa kullum.

Abin da zai ba mai sha'awar fasaha mamaki shi ne yadda tarkon ke yanke shawara. A cikin kowane ɓari na bakin akwai 'yan siraran gasu, galibi uku, waɗanda ke aikin sensa. Idan aka taɓa gashi ɗaya, wani ɗan saƙon lantarki yana ratsa ganyen, amma baki ba ya rufewa. Sai an sake taɓawa cikin kimanin daƙiƙa 30 sannan ya rufe. Idan lokacin ya wuce ba a sake taɓawa ba, lissafin ya goge, a koma farko, kamar yadda lambar USSD ta banki ke katsewa idan mutum ya daɗe bai danna komai ba. Da wannan dabarar ne tsiron ke kauce wa ɓata ƙarfinsa a kan ɗigon ruwan sama ko ƙurar da iska ta kwaso. A 2020 masu bincike a Japan, ƙarƙashin Mitsuyasu Hasebe, sun nuna cewa sinadarin kalsiyam ne ke riƙe wannan tunawa: taɓawar farko tana ɗaga yawansa a cikin ganye, ya riƙa sauka a hankali, ta biyu kuma ta tura shi ya haye iyakar da ke sa baki ya rufe.

Lissafin bai tsaya a nan ba. Rufewar farko ba ta matse baki gaba ɗaya, tana barin 'yan kafofi tsakanin haƙoran, ta yadda ƙwaron da ya yi ƙanƙanta zai iya sulalewa. Wanda ya kai a ci kuwa zai yi ta mutsu-mutsu yana ƙara taɓa gasun. Binciken da Rainer Hedrich da abokan aikinsa na Jami'ar Würzburg a Jamus suka wallafa a 2016 ya nuna cewa tsiron yana ci gaba da ƙirga waɗannan taɓawar, kuma idan suka kai kamar biyar sai aikin samar da ruwan narkarwa ya kankama sosai. Daga nan baki ya manne, ya zama ɗan ciki, ya yi kwana biyar zuwa sha biyu yana narkar da abin da ya kama.

Duk mai rubuta manhaja ya san wannan tsari. Ana tantance abin da aka shigar mataki-mataki kafin a saki aiki mai tsada. To, guntun cuku ko naman baga ba ya motsi. Ko dai baki ya sake buɗewa bayan kwana ɗaya ko biyu ya yi asarar ƙarfi a banza, ko kuma mai bidiyon ya mammatsa shi da yatsa har ya yaudari sensar ta ɗauka ƙwaro ne mai rai. Idan hakan ta faru, tsiron ya manne baki a kan abin da ya fi ƙarfin ruwan narkarwarsa: maiƙo mai yawa, ga gishiri. Idan guntun ya yi girma har baki bai rufe ruf ba, bakteriya da fumfuna su shiga, ganyen ya ruɓe. Shi ya sa masu renon tsiron ke ba da shawarar kada abincin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na girman baki. Sannan kowane baki yana da iyakar yawan rufewa, kamar yadda batirin waya ke da iyakar caji. Bayan 'yan ciyarwa kaɗan ya daina aiki, sai tsiron ya kashe ƙarfi wajen fitar da sabo. Tsiron da ake tsokana kullum saboda kyamara yana ƙarewa ne a hankali.

Akwai masu kare waɗannan bidiyoyi da hujjar cewa ai kimiyyar ma da irin wannan wasan ta fara. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Charles Darwin, a littafinsa na 1875 kan tsirrai masu cin ƙwari, ya yi shekaru yana ba wani tsiro mai suna Drosera abubuwa barkatai. Shi wannan ganyensa na da 'yan gasu masu ɗigon danƙo kamar raɓa, waɗanda ke lanƙwasowa su rufe ƙwaro. Darwin ya ɗiga masa madara, da farin ƙwai, da romon nama, da shayi, da man zaitun, da ruwan sukari, har da ruwan ƙaro. Amma a duba yadda ya yi aikin. Ya raba abubuwan gida biyu, masu naitirojin da marasa shi, ya gwada ganye sama da 60 a kowane rukuni. Ruwan sukari da ƙaro da mai da shayi ba su sa gasun lanƙwasawa ba, madara da ƙwai da romon nama kuwa sun sa. Don kada a ce ganyen da bai motsa ba matacce ne, sai ya koma ya ba da yawa daga cikinsu abinci mai naitirojin, suka amsa. Ya kuma rubuta lokutan da ganye ya lalace saboda abinci ya yi masa yawa. Bayan shekara uku, a 1878, ɗansa Francis ya shuka rukuni biyu, ya ciyar da ɗaya da nama ya bar ɗayan, ya nuna waɗanda aka ciyar sun fi yin fure da iri.

Ke nan tambayar da bidiyon alewa ke cewa yana neman amsarta an amsa ta kusan shekara 150 da suka wuce, kuma an amsa ta da abin kwatance, da maimaitawa, da jiran sakamako. Waɗannan ukun su ne abin da bidiyon daƙiƙa 20 ba ya ɗauke da su.

Ba kuma ana cewa duk wani baƙon abinci haramun ne ga tsiron ba. Masu renonsa a cikin gida suna jiƙa busassun tsutsotsin da ake sayarwa don kifin ado su ba shi, kuma yana karɓa, domin abin ya yi kusa da ƙwaro. A daji ma akwai abin mamaki. A tsibirin Borneo akwai wani tsiro mai ganye kamar tulu, Nepenthes lowii, wanda ke fitar da zaƙi a murfinsa, wata 'yar dabba mai kama da kurege ta zo ta lasa, ta yi kashi a cikin tulun, tsiron ya samu takinsa daga nan. Wani ɗan'uwansa, Nepenthes ampullaria, ganyen itatuwa da ke faɗo masa yake tarawa. Bambancin shi ne kowannensu an gina jikinsa don abincin da yake samu. Ba a zuba wa janareto mai amfani da fetur gas ɗin babbar mota a ce ana gwada juriyarsa.

Wani zai ce tsiro ne fa, ba shi da ƙwaƙwalwa, me za a yi asara? Abu na farko da ake asara shi ne ilimin masu kallo. Yaron da ya kalli bidiyo goma irin wannan zai tashi da tunanin cewa tsiron na cin duk abin da aka ba shi, idan kuma ya saya ta intanet zai kashe shi cikin wata guda, musamman idan ya haɗa da ba shi ruwan famfo ko na burtsatse, alhali ruwan sama ko tataccen ruwa marar gishirin ƙasa kawai yake jurewa. Na biyu kuma shi ne tsiron kansa a mahaifarsa. Yawancin waɗanda ke kasuwa a yau a gidajen reno ake haɓaka su, amma na daji suna raguwa saboda gine-gine da hana gobarar daji da ke share musu ciyayi masu tare rana. Satar su ta yi yawan da tun watan Disamba na 2014 jihar Karolina ta Arewa ta mai da tono su ba da izini ba babban laifi mai kai mutum kurkuku. Duk abin da ke sa mutane su ɗauki tsiron a matsayin abin wasan da za a saya, a kashe, a sayi wani, yana ƙara wa ɓarayin nan kasuwa.

Abin takaicin shi ne tsiron na da abin nunawa da ya fi alewa jan hankali. A 2021 masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo sun manna wa tarkon wata lallausar na'urar lantarki, suka sa shi rufewa ta hanyar aika umarni daga wayar salula, har suka ɗaura shi a hannun mutum-mutumi ya ɗauki sirirriyar waya mai kaurin rabin milimita. Kamfanin Backyard Brains na Amurka yana sayar da wata 'yar na'ura ta ɗalibai da ke nuna saƙon lantarkin ganyen a fuskar waya a daidai lokacin da aka taɓa gashin.

Mai son yin bidiyo ma ba sai ya kai nan ba. Kusan kowace wayar zamani tana da tsarin ɗaukar hoto jefi-jefi ta haɗa shi ya zama bidiyo mai sauri. A ajiye waya a kan caji, a ba baki ɗaya ƙwaro, a bar wani haka nan, a rubuta kwanan wata, a jira kwana goma. Idan har sai an gwada cuku, to a nuna ranar bakwai kamar yadda aka nuna daƙiƙar farko. Masu kallo kuma suna da nasu ƙarfin, tunda abin da aka tsaya aka kalla shi TikTok da YouTube ke ƙara turo wa mutane. Duk bidiyon da ya ƙare a rufewar baki, tambaya ɗaya ta dace a bar wa mai shi: ina hoton ganyen bayan mako guda?