Ba Waya Ce Ta Harbi Matan Zelevet Ba

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin manya masu tauraro a kafaɗa, har wasu daga cikinmu sun ɗauka suna maimaitawa a zaure da kara ba tare da sun auna ta ba. Wai wayar salula a hannun soja, da Facebook da WhatsApp, su ne suka lalata tsaro, don haka a ƙwace waya, a toshe layi, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. A watan Nuwamba na 2016 ma, shugaban majalisar dokokin Kamaru na lokacin, Cavaye Yeguie Djibril, ya kira waɗannan kafofi sabon salon ta'addanci. To, ni ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗi dalilina, domin mu masu kwana a daji mun fi kowa gamuwa da soja a inda babu shaida.

Mutanen Duwala ba sa bukatar a tuna masu da zamanin da babu waya mai ɗaukar hoto. A shekarar 2000 gwamnati ta kafa runduna ta musamman domin yaƙi da 'yan fashi a wannan gari. A watan Janairu na 2001 aka kama samari tara a unguwar Bepanda bisa zargin satar tukunyar gas. Daga ranar har yau iyayensu ba su sake ganinsu ba, ko a raye ko a mace. An yi zanga-zanga, an yi shari'a a kotun soja, amma babu wanda ya nuna wa uwayen nan kabarin 'ya'yansu. Me ya sa? Saboda abin da aka yi, an yi shi ne a inda ido bai gani ba.

Yanzu ku dubi Zelevet, wani ƙauye a yankin Arewa Mai Nisa kusa da iyakar Nijeriya. A 2015 sojoji suka tasa mata biyu a gaba, ɗaya da goyo a baya, ɗaya tana riƙe da hannun 'yar yarinya, suna zarginsu da zama 'yan Boko Haram. Suka rufe masu ido, suka harbe su har da yaran. Shekara uku babu wanda ya ji labari. Sai a watan Yuli na 2018 bidiyon ya ɓulla a wayoyin jama'a. Ministan watsa labarai na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya fito ya ce labarin ƙarya ne. Ba a daɗe ba gwamnatin da ta musa ta sanar da kama sojoji bakwai. Ma'aikatan BBC kuma suka bi tsarin duwatsun da ke cikin hoton suka gano wurin, suka auna inuwar sojojin suka gano lokacin. A watan Satumba na 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara 10 kowannensu, ta sallami biyu, ta ɗaure na biyar shekara 2 saboda ɗauka da yaɗa bidiyon.

Jama'a, shekara 10 a kan rai huɗu hukunci ne mai sauƙi ƙwarai, amma da babu wannan waya, da ko kwana ɗaya babu wanda zai yi a kurkuku. Ban ce mai ɗaukar hoton waliyyi ba ne, domin wanda ya tsaya yana kallo ana harbin jariri yana da amsar da zai bayar gaban Allah. Abin tsoro shi ne darasin da ƙaramin soja zai ɗauka daga irin surutun manya: in za ka yi, ka tabbata babu mai ɗauka. Bindiga ce ta kashe matan Zelevet, waya kuwa tona asiri ta yi. Duk mai cewa a fara da hukunta waya, so yake mu koma zamanin Bepanda.

Haka abin yake a maƙwabta. A watan Maris na 2020 wani bidiyo ya fita na Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan yaƙi da Boko Haram a Nijeriya, yana bayanin irin ruwan wutar da aka yi wa yaransa da asarar motocin yaƙi. Aka ɗauke shi daga muƙaminsa, kotun soja ta same shi da laifin saɓa ƙa'idar amfani da kafofin sada zumunta, ta rage masa shekara uku na girma. Shin rage masa girma ya dawo da mota ko guda ɗaya?

Amma fa ba a ƙin gaskiya don ta fito daga bakin abokin gardama. Haɗarin waya a bakin daga gaskiya ne. In ɗan jarida a London zai gane wuri da dutse da inuwa, to ɗan bindigar da aka haifa a gindin dutsen fa? A daren shiga shekarar 2023 aka yi wa sojojin Rasha ruwan rokoki a garin Makiyivka na Yukren, ma'aikatar tsaron Rasha da kanta ta ce 89 sun mutu, ta kuma ɗora laifin a kan kunna wayoyin da suka yi. Waya tana faɗin inda mai ita yake ko bai buɗe baki ba.

Sai dai akwai wani haɗarin da manya ba sa ambata, saboda a kanmu yake faɗawa. Duk wanda ya san Adamawa da Mayo-Rey ya san yadda masu garkuwa da mutane suka talauta makiyaya, mutum ya sayar da garke sukutum don ya fanso ɗansa. Sojan BIR ba ya sanin hanyar daji sai da ɗan jagora, kuma ɗan jagoran nan makiyayi ne. In an gama aiki soja ya ɗaga waya ya ɗauki hoton murna, fuskar ɗan jagora na ciki, bukkokin rugarsa na baya, ya tura wa abokai. Gobe soja ya koma bariki, ko a yi masa canji zuwa wani yanki. Makiyayi kuwa yana nan da matansa da 'ya'yansa, su kuma 'yan bindiga suna da waya kamar kowa. Wa zai tsare shi?

Na biyu, hoton waɗanda aka kama. A zaunar da samari a ƙasa babu riga, a jera sanduna da adduna gabansu, a rubuta cewa an kama ɓarayi, alhali alƙali bai gan su ba. Wane makiyayi ne ba ya yawo da sanda da adda? In kotu ta sallame shi bayan wata shida, hoton nan ba ya gogewa. Ba mai ba shi kiwo, ba mai ba shi aure, kuma a Duwala da Yawunde mai kallo ba ya cewa wane ne ya yi, sai ya ce Bororo ne.

Saboda haka abin da muke kira ga hukumomin soja ke nan. A hana kunna waya lokacin sintiri da kwanton ɓauna, wannan tsaron ran soja ne. A hukunta duk wanda ya yaɗa fuskar ɗan jagora ko wanda ake tsare da shi kafin shari'a. A bar soja ya gaisa da iyalinsa in ya sauka daga aiki, shi ma ɗan wani ne. Sannan a buɗe ƙofa ga sojan da ya ga zalunci, ya kai hoton gaban mai shari'a ba tare da tsoron ɗauri ba. Toshe layi kuwa ba magani ba ne. An toshe intanet wata uku a yankunan Ingilishi a 2017, rikici bai kwanta ba, sai ƙara ruruwa ya yi, ciniki ne kawai ya tsaya.

Mu ma da namu gyaran. Direba da yaran mota masu sauko da shanu daga Ngawundere, ku daina ɗaukar ayarin soja da shingayensu kuna turawa, ba ku san hannun da zai faɗa ba. Kada ku tura duk abin da aka turo maku. A 2016 kotun soja ta ɗaure samari uku shekara 10 a kan saƙon barkwanci game da Boko Haram. In kuwa kun samu hoton zalunci, ku adana shi, ku riƙe rana da wuri, ku kai wa ardo da shugabannin ƙungiya da lauya kafin ya shiga kasuwa.

Allah ya tsare sojan da ya tsare amana, ya tona asirin azzalumi ko wane ne, ya ba mu zaman lafiya da dabbobinmu. Wassalam.