Ƙaramin Bututu Mai Maido da Gani

A unguwarmu ta Minanata ba a rasa dattijon da jika ke yi wa jagora saboda yanar ido. Yana ita ce dushewar madubin da ke cikin ido, kuma binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a Nijeriya. Maganinta tiyata ce: a cire madubin da ya dushe, a dasa na roba.

Likita Harold Ridley ne ya fara wannan dashe a Landan cikin 1949. Madubinsa mai tauri ne, sai an yi babban yanka. Na zamani kuwa mai laushi ne, faɗinsa kamar milimita 6. Ana naɗe shi cikin bututu irin na sirinji, a tura shi ta kafar da ba ta kai milimita 3 ba, ya buɗe da kansa cikin ido. Wasu ma tun daga masana'anta ake ɗura su a bututun, hannu bai taɓa ba, don gudun ƙwayoyin cuta da karcewa.

A ganina, bai kamata mu dawwama muna sayo waɗannan kaya daga ƙetare ba, domin tsadarsu kan talaka take ƙarewa. A 1992 Indiyawa suka kafa masana'antar Aurolab a Madurai, farashin madubi ya faɗi warwas, har talaka ya samu. Me zai hana mu?

Ya ku ɗalibai, wannan aiki ba na likita kaɗai ba ne. Yana bukatar injiniya da masanin sinadarai. Malamai kuma, ku nuna musu cewa darasin haske da madubi da kuke koyarwa, shi ne zai iya raba kakansu da sandar jagora.