RA'AYI: Ladi Kwali na kan Naira 20, amma iliminta bai shiga aji ba

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata tana aikin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, maginiyar da aka haifa a garin Kwali, ta kuma rasu a Minna a 1984. Kuɗin na yawo a hannun kowa, amma abin da ta sani game da yumɓu da wuta bai cika kaiwa ga ɗaliban da ke karanta wannan fanni ba.

A kwalejoji da jami'o'in Arewa, ɗalibin da ya zaɓi fannin seramik ko sassaƙa yakan fara ne da haddar jerin kalmomin Turanci da sunayen gwanayen Turai irin su Michelangelo. Ana ambatar Nok da Ife da Benin, amma galibi a matsayin shekarun da za a zuba a takardar jarrabawa. Idan aka kai ɗalibin nan gaban mai ginin randa a ƙauyensu, sai ya rasa tambayar da zai yi mata. Wannan koyarwa ce da ta fara daga inda ya kamata ta ƙare.

Manyan kalmomin da ke tsorata ɗalibi ba wasu abubuwa ba ne a harshen masu su. Terakota kalmar Italiyanci ce da ke nufin gasasshiyar ƙasa. Seramik ta samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin yumɓun magini. Bahaushe ma yana da nasa: yumɓu, kwaɓi, gini, gashi, tsingaro, tangaran. Ya kuma raba kayan gida-gida: tulu na ɗebo ruwa, randa na ajiye shi, tukunya ta girki, kasko na tuya ko turare, tanda ta waina, asusu na tara kuɗi. Kowane suna yana ɗauke da bayanin siffa da kauri da aikin da aka yi abin dominsa.

Dabarun ma haka ne. Maginiya tana daka tsingaro ta zuba a kwaɓi don kada tukunya ta tsage wajen bushewa ko a kan murhu. Tana shanya ta a inuwa, ba ta gaggawar kai ta wuta, domin ruwan da ya rage a jikin yumɓu zai zama tururi ya fasa ta. Littafi yana da bayanin kimiyya a kan duk wannan, har da cewa ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suna kumbura farat ɗaya a digiri 573 na ma'aunin Selsiyos. Ɗalibin da ya fara ganin aikin da idonsa zai riƙe wannan lamba har abada. Wanda ya haddace ta kawai zai manta da ita bayan jarrabawa.

Gashin gargajiya da itace da kara yakan tsaya ƙasa da digiri 1,000, shi ya sa jikin randa ke da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. A kan wannan ilimi ne Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Tarihin fannin ma a gida yake. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Jihar Kaduna. A shekarun 1940 Bernard Fagg ya gane cewa irin waɗannan kayan na al'umma ɗaya ne, kuma shi ya jagoranci buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Kayan Nok sun haura shekara 2,000, kuma suna cikin mafi daɗewa a Afirka kudu da Sahara. Yawancinsu holoƙo ne, an gina su da naɗin yumɓu hawa-hawa kamar yadda ake ginin randa, ƙofofin ido da hanci da baki kuma suna taimaka wa iska ta fita lokacin gashi. Wato darasin tarihi da darasin aikin hannu abu ɗaya ne a nan.

Rayuwar Ladi Kwali ta nuna yadda ake haɗa ilimin biyu. A gida ta koyi gini da hannu irin na Gbagyi. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, ɗan Ingila, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. A can ta koyi aiki da keken juya yumɓu da shafa ruwan ƙyalli da gashi a tanderu mai zafin sama da digiri 1,200, amma ba ta watsar da siffar tukwanenta da zanen ƙadangare da kifi da kunama ba. An baje kolin aikinta a Landan, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ko a nan akwai darasi: tukunyar da aka shafa wa ƙyalli ta daina sanyaya ruwa, ta koma kayan ado.

Wasu malamai za su ce jarrabawa da Turanci ake yi, littattafan ma na Turanci ne. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a daina koyar da shi. Abin da ake buƙata shi ne a fara da abin da ɗalibi ya sani, sannan a ɗora masa sunan Turancin. Tun a 1958 ɗaliban fasaha a Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don neman a haɗa fasahar gida da ta Turai. Koken nasu bai tsufa ba.

Iyaye da dama kuma suna hana 'ya'yansu fannin saboda suna ganin sassaƙa gumaka ne. Wannan damuwa ce da ta cancanci amsa, ba raini ba. Mafi yawan aikin fannin bai shafi siffar mai rai ba: akwai kwanukan tangaran, da tayil, da kayan banɗaki, da tangaran ɗin da ke kan turakun wutar lantarki, da zanen bango mai tudu irin na gidajen sarauta a Zariya da Kano. Kuma akwai farar ƙasar yin tangaran a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alƙaleri ta Jihar Bauchi, alhali kasuwanni cike suke da kayan da aka shigo da su daga waje.

Gyaran ba ya buƙatar maƙudan kuɗi. Sassan koyar da fasaha su haɗa kai da sassan Hausa su fitar da ƙaramin ƙamus na kalmomin yumɓu da sassaƙa, wanda ɗalibi zai buɗe a wayarsa. A riƙa gayyato magina tukwane su koyar a aji, a biya su haƙƙinsu kamar kowane malami. A tura kowane ɗalibi ya yi makonni a wajen maginiya kafin ya kammala karatu, ya rubuto kalmomin da ya ji.

Akwai buƙatar hanzartawa. Roba da ƙarfe sun ƙwace kasuwar tulu da tukunya a birane, tsofaffin magina suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'i. Duk maginiyar da ta rasu ba a rubuta abin da ta sani ba, ta tafi da kalmomin da babu littafin Turai da zai dawo da su.